Mangwaron da Yara Goma Sha Tara Suka Zana

Cilongok, Banyumas
Talata, 11 ga Nuwamba

Zuwa ga yayata abar girmamawa, Mbak Darmi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin wadda ƙane ke yi wa yayar da ta goye shi, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya a can Taiwan, ke da tsohon da kike jinya. Allah ya ƙara miki haƙuri da ƙarfin baya, ya sa gumin da kike zubarwa a ƙasar mutane ya zama sanyi gare ki duniya da lahira, ya dawo mana da ke lafiya. Mu ma nan sai godiya. Iyayenmu, Bapak da Biyung, suna nan ƙalau. Bapak har yanzu yana hawan kwakwarsa ashirin da uku safe da yamma, duk da damina ta kankama itacen ya yi santsi. Na yi magana har bakina ya gaji, ya ce ranar da ya daina hawa ranar za a yi masa wanka. Biyung tana fama da tarin nan nata na hayaƙin murhu, ga ruwan sama yana shiga gorunan da ake tarar ruwan furen kwakwar, mazarƙwailar ba ta daskarewa yadda take so, kullum sai ta yi wa gajimare faɗa. Baƙar akuyarki ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na san sai ranar Lahadi ake ba ki wayarki, kuma kin san bakina: in na fara a waya, kafin minti biyu na ɗaga murya, ke ma ki ɗaga, a tashi ba wanda ya ji wani. Mbak Yatinah hutunta ya ƙare, jibi za ta koma aikinta can Taiwan, ta ce za ta miƙa miki hannu da hannu. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Ba mutuwa ba ce, ba kuma abin kunya irin wanda zuciyarki za ta fara kawo miki ba ne. Amma ni dai tun da na zo duniya ban taɓa shiga mako irin wanda ya wuce ba.

Maganar Kinasih ce, autarmu. Yau mako bakwai ke nan ba ta taka asibitin da makarantar koyon jinya ta tura ta sanin makamar aiki ba. Mako bakwai, Mbak! Kullum da safe sai ta yi wanka, ta saka farar rigar nan da ta sha guga, ta yafa farin mayafi, ta sumbaci hannun Biyung, ta hau bas a kan idon duk ƙauye. Mu kuwa muna nan muna hura hanci wai muna da nas a gida. Litinin ɗin makon jiya makaranta ta aiko da takarda, Biyung ta adana min ita a ƙarƙashin tabarma tana zaton yabo ne. A tsaye na karanta ta sau uku. Ba zan ɓoye miki ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne abin da ke zuwa ran kowane wa: akwai wani ɗan iska a cikin lamarin. Washegari ban je shagon fotokwafin da nake aiki ba. Na ari babur na bi bas ɗin a baya, na riga na shirya duk zagin da zan yi wa yaron da ubansa da kakansa.

Ba ta kai gari ba. A bakin kasuwa ta sauka, ta bi ta bayan injin casar shinkafa, ta shige rumfar Pak Kasmudi, tsohon bakaniken nan mai gyaran injinan ban ruwa, wanda ya taɓa tayar mana da injin kankare kwakwa. Na tsaya a waje kamar minti goma ina tafasa, sannan na faɗa ciki. Wallahi, Mbak, da farko ban gane ta ba. Farar rigar tana rataye a ƙusa cikin leda. Ita kuwa tana zaune dirshan a ƙasa cikin wata tsohuwar rigar maza, ta baje hanjin inji a kan buhu, hannunta baƙi ƙirin har gwiwar hannu, tana tsokanar wani manomi wai injinsa ba lalacewa ya yi ba, yajin aiki yake yi don tun zamanin kakansa ba a canza masa mai ba. Tana dariya. Dariyar ce ta fi komai kaɗa ni, domin sai a lokacin na lura rabon da in ji ta a gida ya fi shekara biyu. Amma kin san ni. Na buɗe baki na zuba. Na ce yayarki tana can tana wanke jikin tsohon wasu don ki zama mutum, ke kina nan kina wasa da baƙin mai kamar ɗan tasha. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Pak Kasmudi ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in huɗuba zan yi in ɗan matsa gefe na tare musu haske, kuma Juma'a da saura. Kinasih ta bari na gama tsaf, ta goge hannu da tsumma, ta ce, wai Mas Panggih ai kai ne ka ci jarrabawar, ga rigar can a ƙusa, in ta yi maka ka saka ka tafi, ana jiran ka da fo a ɗaki na uku.

Daga nan ta faɗa min abin da ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta ce kullum kafin ta shiga asibitin sai ta yi amai a bayan tasha. Ba jini take tsoro ba, ba wari ba. Fuskoki ne. Wuni guda mutane suna kuka suna kallon ta, ita kuma ba ta san me ake cewa ba, in ta buɗe baki sai ta ƙara ɓata abin. Babbar nas ɗin ta ce fuskarta kamar ƙofar da aka garƙame. Rana ɗaya tak ta ji daɗin wurin, ranar da ta kwance tayar keken marasa lafiya ta gyara, ita ma faɗa aka yi mata wai ba aikinta ba ne. Wata safiya bas ɗinsu ta mutu daidai rumfar Pak Kasmudi, ya ce mata ta riƙe masa sufana, da aka tayar da motar kowa ya hau, ita ta kasa ɗaga ƙafa.

Kin gane jarrabawar da take nufi, amma rabin labarin kika sani, yau zan cika miki. Kin tuna shekarar da za ta gama ƙaramar sakandare, makarantarsu ta ɗauko masana halayyar ɗan Adam su gwada yara, su faɗi irin sana'ar da ta dace da kowa, da takardar ne kuma ake ba da shawarar makarantar gaba. Kika ce min a waya, Panggih, kai ne mai karatu, ka taimaka mata ta ci, ina so ta zama nas mai takardar shaida ta tafi Japan da mutuncinta, kada ta yi irin tawa. Ban ga laifinki ba a lokacin, ban gani ba yanzu. Laifin yana wurin wanda ya ce ya iya. Shekara biyar ina tsaye a gaban injin fotokwafi a bakin jami'a, ni da ban wuce aji tara ba, duk littafin da ɗalibi ya kawo sai na cinye shi kafin injin ya huce. A nan na karanta cewa masana sun kasa sha'awar mutane gida shida: masu son aikin hannu da inji, masu bincike, masu fasaha, masu taimakon jama'a, masu jan ragama da ciniki, da masu tsara takardu. Sai na ce ashe abin lissafi ne. Na zauna na gano wace amsa ke kai mutum wane gida. Na haɗa da ɗan littafin nan na kasuwa mai koya dabarun cin irin wannan gwaji, wanda ya ce in an ce ka zana bishiya ka zana mai 'ya'ya, rassanta suna kallon sama, alamar mai kirki ce mai son mutane. Na rubuta komai a takarda ɗaya, na zana mangwaro mai 'ya'ya bakwai a ƙasan takardar, na buga mata kwafi.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne ranar farko. Kafin in ba ta takardar, na gwada ta in ga inda take. Aka ce wanne kika fi so, gyaran rediyo ko ɗaure wa mutum rauni, ta zaɓi rediyo. Aka ce koyar da yara ko kwance keke, ta zaɓi keke. Tambaya sittin, kusan duka haka. Da na ce ta zana bishiya ta zana kwakwa, har da saran nan da Bapak ke yi a jiki don taka ƙafa, alhali a gwajin an hana zana kwakwa da ayaba da gora. Yarinya ta faɗa min gaskiyarta ƙarara a kan takarda, ni kuma na ɗauki jan biro na bi ina sokewa ɗaya bayan ɗaya ina cewa ba daidai ba, ba daidai ba. Mako biyu ina sa ta hadda kamar ƙaramar sura. Da sakamako ya fito aka rubuta ta dace ƙwarai da aikin jinya, Biyung ta dafa shinkafa mai kurkur ta raba wa maƙwabta, ke kika yi kuka a waya, ni na yi sati ina tafiya kamar na ci zaɓe. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ni ba wuyana na sa wa ba.

Kada ki ɗauka a rumfar Pak Kasmudi na gane haka. Ina! Daga can makaranta na wuce da sauran fushina, ina neman wanda zan ɗora wa. Malamin da ke ba yara shawara ya ga idona ya ce na zo a kan gaɓa, ga wadda ta san maganar gwajin tana ɗakin karatu. Sunanta Bu Hapsari, malama ce a jami'a, 'yar siririya mai tabarau, tana ɓarar dafaffiyar gyaɗa a kan tulin takardu. Ashe tun waccan shekarar take bin yara sama da ɗari huɗu na yankinmu, tana so ta ga ko waɗanda karatunsu ya zo daidai da sha'awarsu sun fi zama a makaranta sun fi jin daɗi, kuma a watan jiya ta sake gwada su duka. Na ce mata iliminku bokanci ne mai hatimi. Na ce kun ɗauko ma'aunin Turawa kuna auna 'ya'yan masu hawan kwakwa, kun rubuta ƙanwata ta dace da jinya, ga ta can tana amai a bayan tasha. Na jero mata sunayen littattafai don ta san ba da baƙauye take magana ba. Ta bari na sauke duka, ta miƙo min gyaɗa, ta ce Mas daga wane ƙauye kake. Da na faɗa, sai ta daina tauna.

Ta jawo wata jaka ta fiddo takardu, ta rufe sunayen da hannu, ta shiga jera su a kan tebur. Ɗaya, biyu, biyar, goma. Tebur ya cika ta koma kan benci. Mbak, bishiyata ce. Mangwaro mai 'ya'ya bakwai, uku a hagu huɗu a dama, rassa suna kallon sama, sau goma sha tara, da hannun yara goma sha tara, duka daga ƙauyenmu. Amsoshinsu ma iri ɗaya, tambaya bayan tambaya. Har a nan ina ƙoƙarin cewa a raina ai mangwaro mangwaro ne, kowa na iya zanawa. Sai ta ɗora yatsa a kusurwar sama ta dama, ta ce wannan ne ya hana ta barci shekara biyu. A kowace takarda akwai wani baƙin layi a karkace, shi kaɗai a sararin sama, bai taɓa bishiyar ba. Ta ce ta yi zaton wata al'ada ce ta masu tarar ruwan kwakwa, ko igiya, ko walƙiya, ko wani abin da ake tsoro a ƙauyen. Ta tambayi abokan aikinta, har wata ɗalibarta ta so ta rubuta kundin kammala digiri a kansa. Na zauna a ƙasa ban san na zauna ba. Na san layin nan kamar yadda na san tafin hannuna. Tsagi ne a gilashin tsohon injin shagonmu, ni da kaina na yi shi da bakin almakashi a watana na farko, duk takardar da ta bi ta kansa sai ta fito da shi. Yaran sun haddace shi tare da bishiyar. Sun zaci yana cikin amsa.

 Da na faɗa mata labarin takardata da tsagin injin, ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta tsaya cak, ta tsura wa takardun ido. Ta ce yanzu dole ta cire goma sha taran nan daga bincikenta, amma ba wannan ne ya dame ta ba. Ta ce Mas, wannan abin ba jarrabawa ba ce, babu ci babu faɗuwa a cikinsa. Tambaya ce aka yi wa yaro, wataƙila karo na farko a rayuwarsa, me kake so, sai wani ya amsa masa. Duk da kunyar da nake ciki sai da bakina ya motsa. Na ce to Bu, me ya sa ba a faɗa mana haka ba? An tara iyaye an ce sakamakon ne zai nuna inda yaro zai je, an buga masa hatimi, kuma a ƙasar nan wace takarda mai hatimi ce talaka ya taɓa gani wadda ba ƙofa ba ce da ake rufe masa? Wa zai tura 'yarsa gaban ƙofa ba mabuɗi? Ta ce na yi gaskiya, wannan laifin nasu ne, kuma za ta rubuta shi. Ban ji sanyi ba ko kaɗan.

Kwafi ɗaya na buga, Mbak, ɗaya tak. Na dawo gida na sami Biyung tana juya tukunya, na tambaye ta. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce eh, ita ce, ta kai takardar taron karatun Yasin na mata ranar Alhamis, aka aika kasuwa aka buga wa duk mai ɗa a ajin. Na ce Biyung kin san abin da kika yi kuwa? Ta nuna ni da muciya ta ce in rage murya ba da sa'ata nake magana ba. Ta ce gishiri ma in maƙwabciya ta roƙa ana ba ta, balle ilimi. Wai so nake 'yarta ta ci ita kaɗai, gobe ta bi ta ƙofar gidajen mutane da wane ido? In Bapak ya faɗo daga kwakwa, Allah ya kiyaye, su wa za su ɗauko shi, littattafaina? Ta ce matan nan har addu'a suka yi min, wasu suka aiko da soyayyen tempe, curin waken soyan nan, na cinye ban tambayi na mene ne ba. Wallahi na tuna tempen. Na ci da barkono, na ce ya yi daɗi.

Bu Hapsari ba ta ba ni suna ko ɗaya ba, ta ce amana ce. Amma ƙauyenmu nawa yake? Na zauna na tuno 'yan ajin su Kinasih. Yawancinsu makarantun jinya da na renon yara suka shiga. Biyar sun riga sun bari. Wasu kuma suna nan suna jin daɗin abinsu, akwai wadda ake yabo a asibitin, Allah ne ya sa ƙaryata ta zo daidai da gaskiyarta. Da na koma wurin malamar ina cewa na kashe yara biyar, ta ce kada in cika baki, yara suna barin makaranta saboda dalilai ɗari, ko gwajin gaskiya ma ba duba ba ne, haske kaɗan yake ƙarawa, akwai wanda ke shiga abin da bai so daga baya ya so shi. Amma ta ce na Kinasih ba mai ruɗarwa ba ne. A gwajin watan jiya, da ba wanda ya koya mata, ta fito can ƙurya a gidan masu inji, ta ce ba kasafai take ganin wanda ya karkata haka ba, mace ko namiji. Iyayen yara biyar ɗin nan ina haɗuwa da su a masallaci, suna gaishe ni da malam. Na fara zuwa gidajensu ɗaya bayan ɗaya ina faɗa musu. Biyu na je zuwa yanzu. Na farko ya ce ƙaddara ce, na biyun bai ce in zauna ba.

Ranar Asabar na koma rumfar, wannan karon na zauna a gefe na kama bakina. Aka kawo injin da ya gagari mutum biyu. Ta sa aka ja igiya sau ɗaya, ta kasa kunne, ta ce a kashe. Ta kwance wani ɗan abu da bai kai yatsa ba, ta hura, ta wanke da fetur, ta mayar. Ja ɗaya ya tashi. Mai injin ya ce a kira masa wanda ya gyara ya yi godiya, Pak Kasmudi ya ce ga ta nan a gabanka, ko sai ta yi gemu? Daga baya ya ce min shekara talatin yana koyar da yara maza, bai taɓa samun mai kunnenta ba, kuma shi ba ya yabo, in tambayi 'ya'yansa.

Ga inda muke. Makaranta ta ba mu zuwa ƙarshen watan nan: ko ta koma asibiti ta rama kwanakin ta gama a watan Mayu, ko a sa hannu a takardar janyewa. Akwai makarantar koyon inji a gari da za ta karɓe ta, amma sai sabuwar shekarar karatu, kuma daga aji ɗaya za ta fara, cikin maza zalla in ban da yarinya guda. Ba zan shafa miki zuma ba. Shekara biyu da rabi sun tafi, saura wata shida kacal ta karɓi takarda, maganar Japan ta mutu, kuma ƙauye zai yi surutu har ya gaji. Ban san ko mace za ta ci abinci da sufana a yankin nan ba, duk littattafan da na karanta ba wanda ya faɗa. Takardar tana nan ba wanda ya taɓa ta. Bapak ya ce shi bai san komai ba sai hawa da sauka. Biyung ta ce wadda ta bar gida da ƙuruciyarta don yarinyar nan ita ce mai magana, abin da Darmi ta ce shi za a yi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Na tambayi Kinasih, in Mbak Darmi ta ce ki koma fa? Ta ce za ta koma. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce za ta sa rigar, za ta gama, za ta tafi Japan, za ta yi shekara talatin in an ce ta yi, domin ba ta da bakin da za ta ce miki a'a. Yadda ta faɗe shi a sanyaye ya fi duk abin da na gani a makon nan tsorata ni, don na san da gaske take. Mbak, hannunki ne a kan igiyar. Ni ba zan ce miki ki saki ko ki ja ba, na yi wa yarinyar nan zaɓi sau ɗaya kin ga inda ya kai mu. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Lahadi in an ba ki waya, kada ki kira ni, kada ki kira Biyung. Ki kira ta. Kada ki fara da abin da kika sha a can, ta sani, shi ne ma ya ɗaure mata harshe. Ki tambaye ta me take so, sannan ki yi shiru. Za ta daɗe ba ta amsa ba, za ki zaci layin ya yanke. Bai yanke ba. Ki jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kuma akwai zagi, nawa ne, ki ajiye min shi zuwa wata Lahadin, zan tsaya in ji har ƙarshe ba zan katse ki ba.

Bapak da Biyung suna gaishe ki suna sa miki albarka, Biyung ta sa busasshen tempe da ƙullin mazarƙwaila a kayan Mbak Yatinah, ta ce kada ki raba wa kowa duk da na san za ki raba. Tsohuwa Mbah Sarkem tana gaishe ki, ta ce ki dawo kafin idonta ya ƙarasa rufewa. Kawunmu Pakde Wiryo da iyalinsa, da goggonmu Bulik Tarmi da 'yan biyunta, duk suna miƙo gaisuwa. Ki gaida min Mbak Sulastri da sauran 'yan garinmu da kuke haɗuwa ranar hutu, ki yi wa tsohonki sannu. Kinasih ma tana gaishe ki. Ɗazu da ta ga ina rubutu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana murza mayafi, ta ce Mas, in Mbak ta kira me ya kamata in ce mata? Amsa ta zo min har kan harshe, kyakkyawa, shiryayya, wadda na san za ta ratsa ki. Na haɗiye ta. Na ce ban sani ba.

Wassalamu alaikum.

Ƙanenki mai neman afuwarki,
Panggih